Takardar Magani Tsakanin Amanar Likita da Sammacin Hukuma: Tarihin Wata Taƙaddama a Amurka

Gabatarwa

A shekarar 1972 aka harbe wani mutum har lahira a birnin New York. Wata mata da abin ya faru a kan idonta ta shaida wa 'yan sanda cewa ta taɓa ganin maharbin a ɗakin jira na wani asibiti inda ake ba masu fama da jarabar hiroyin maganin metadon, domin ita ma can take karɓar nata. Masu gabatar da ƙara suka aika sammaci ga Dokta Robert Newman, shugaban shirin metadon na birnin, suna neman hotunan baƙaƙen fata maza masu shekara 21 zuwa 35 da ke karɓar magani a wurin, don a nuna wa matar ta fitar da mai laifi. Likitan ya ƙi. Kotu ta same shi da laifin raina ta, ta yanke masa ɗaurin kwana 30. A 1973 kotu mafi girma ta jihar ta soke hukuncin, bisa hujjar cewa dokar tarayya ta ba shi ikon ɓoye ko su wane ne majinyatansa.

Duk mai adalci da ya ji wannan labari zai ga kowane ɓangare yana da abin faɗa. Ga ran mutum da aka ɗauka, ga dangi masu jiran a bi musu haƙƙi. Ga kuma ɗimbin marasa lafiya waɗanda suka zo neman waraka bisa alkawarin rufin asiri, waɗanda idan suka ji an miƙa hotunansu ga 'yan sanda, da wuya su sake taka ƙofar asibitin. Wannan maƙala za ta bi diddigin yadda Amurka ta yi fiye da ƙarni guda tana lalube tsakanin buƙatun nan biyu, da yadda iyakar abin da jami'an tsaro ke iya gani a takardun maganin jama'a ta riƙa matsawa daga zamanin littafin kanti zuwa zamanin kwamfuta.

Tushen Lamarin: Dokar 1914

Rufe sirrin majinyaci tsohon ladabi ne a aikin likita, yana nan cikin rantsuwar da ake jingina wa Hifokiratis na Girka. Amma rantsuwa tana ɗaure likita ne kawai, ba ta ɗaure hukuma. Kafin ƙarni na 20 ana sayar da ofiyam da mofin da hodar iblis a kantunan Amurka kusan kamar sauran kaya, har ana zuba su a magungunan tari da na lallashin jarirai. Bayan yarjejeniyar ofiyam ta ƙasa da ƙasa da aka ƙulla a Hague a 1912, majalisar tarayya ta zartar da Dokar Harrison, Shugaba Woodrow Wilson ya sa mata hannu a Disamba 1914.

A fuska dokar haraji ce, domin tsara aikin likitanci hurumin jihohi ne, ikon da tarayya ke da shi ba tare da jayayya ba shi ne na karɓar haraji. Sai aka wajabta wa duk likita da mai harhaɗa magani da ke mu'amala da waɗannan ƙwayoyi ya yi rajista, ya biya dala 1 a shekara, ya ajiye takardun abin da ya saya da abin da ya bayar har tsawon shekara 2, kuma jami'an Baitulmali su duba su. Tun daga ranar takardar magani ta zama mai iyayengiji biyu. Majinyaci yana ganinta a matsayin amana tsakaninsa da likitansa, hukuma kuma tana ganinta a matsayin shaidar yadda kaya mai haɗari ya fita daga hannu zuwa hannu.

A 1919, a shari'ar Webb, Kotun Ƙoli ta yanke cewa rubuta wa mai jaraba mofin don kawai ya ci gaba da sha ba ya cikin halastaccen aikin likita. Aka gurfanar da likitoci da dama, sauran suka ja baya daga kula da masu jaraba. Sai dai a wancan zamani akwai wata kariya da babu dokar da ta rubuta ta, wato wahala. Takardun suna warwatse a aljihunan tebur na dubban kantuna. Jami'in da ke son sanin abin da wane ke sha sai ya bi kanti kanti yana buɗe littafi, kuma ba ya ɓata wannan lokaci sai yana da wanda yake zargi.

Kwafi Uku da Zuwan Kwamfuta

Kalifoniya ce ta fara rage wannan wahala ta hanyar da ta ɗore. A 1939 ta ƙirƙiro tsarin takarda mai kwafi uku: ɗaya wajen likita, ɗaya wajen mai kantin magani, ta uku a aika wa gwamnatin jiha. Har yau ma'aikatar shari'a ta jihar ce ke riƙe da rumbun, abin da ke nuna manufar da aka gina shi a kanta. Hawaii ta biyo baya a 1943. A 1970 tarayya ta zartar da babbar dokar kayyade ƙwayoyi, wadda ta kasa magunguna gida 5 gwargwadon haɗarinsu da amfaninsu, ta kuma ba Babban Lauyan Ƙasa ikon aika sammaci da kansa don neman takardu ba tare da ya bi ta gaban alƙali ba. Hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta DEA, wadda aka kafa a 1973, ita ta gaji amfani da wannan iko.

A 1972 jihar New York ta yi dokar da ta tura lamarin gaban Kotun Ƙoli. Duk takardar magani ta rukuni na 2, wanda ya ƙunshi magunguna masu amfani amma masu saurin sa jaraba, dole ta ɗauki sunan majinyaci da adireshinsa da shekarunsa, da sunan likita da na kanti, da maganin da adadinsa. Ana aika kwafi zuwa ma'aikatar lafiya a Albany, a ɗura bayanan a faifan kwamfuta, a ajiye shekara 5. Kimanin takardu 100,000 ke isowa kowane wata. Majinyata da likitoci suka kai ƙara. Iyaye sun ba da shaida cewa suna tsoron a yi wa 'ya'yansu tambarin 'yan ƙwaya, har an dakatar da wani yaro daga shan maganinsa saboda wannan fargaba. Ƙaramar kotun tarayya ta ba su gaskiya.

A ranar 22 ga Fabrairu 1977, a shari'ar Whalen da Roe, Kotun Ƙoli ta juya hukuncin ba tare da ko alƙali ɗaya ya saɓa ba. Mai Shari'a John Paul Stevens ya amince cewa mutum yana da muradin kada a bayyana al'amuransa na sirri, amma ya ga jihar ta ɗauki isassun matakai. Ɗakin ajiyar yana kewaye da shingen waya mai kulle da ƙararrawa, faya-fayan suna cikin kabad a rufe, kwamfutar ba ta haɗe da wata na'ura a waje, ma'aikata 17 ne kawai ke iya taɓa bayanan, tare da masu bincike 24, kuma wanda ya fallasa sunan majinyaci zai iya shan ɗaurin shekara 1 da tarar dala 2,000. Mai Shari'a William Brennan ya yarda da hukuncin, amma ya yi gargaɗi cewa tara bayanai wuri guda a kwamfuta yana ƙara yiwuwar a ci amanarsu, kuma wata rana za a iya buƙatar taka wa wannan fasaha birki. Akwai wani abu a cikin bayanan shari'ar da ya cancanci tunani: a watanni 20 na farkon aiki da dokar, sau 2 kacal aka yi amfani da bayanan wajen binciken majinyatan da ake zargi da wuce ƙima.

Abin da Ka Ba Wani Ya Fita Hannunka

Gyara na Huɗu na kundin tsarin mulkin Amurka, wanda ya fara aiki a 1791, ya hana bincike ba bisa ƙa'ida ba, ya kuma shardanta cewa alƙali ba zai ba da takardar izinin bincike ba sai an nuna masa ƙwaƙƙwaran dalili. Amma a 1976, a shari'ar Miller, Kotun Ƙoli ta ce wannan kariya ba ta kai ga bayanan da mutum ya miƙa wa banki ba, a 1979 kuma, a shari'ar Smith, ta faɗi haka game da lambobin da mutum ya kira ta kamfanin tarho. Ƙa'idar da ta fito ita ce, abin da ka ba wani da hannunka ka ɗauki kasadar zai iya miƙa shi ga hukuma. Idan aka ɗora wannan a kan magani sai matsala ta bayyana, domin mai ciwon daji ko farfaɗiya ba shi da zaɓin ƙin nuna wa mai kanti takardarsa. Ko ya nuna, ko ya zauna da ciwonsa.

Wuri ɗaya ne majalisa ta gina katanga mai tsayi. Dokokin 1970 da 1972 kan jinyar masu jarabar giya da ƙwaya, da ƙa'idojin da aka fitar a 1975, sun hana cibiyoyin jinya masu samun tallafin tarayya miƙa bayanan majinyaci don a tuhume shi, sai da umarnin kotu na musamman. Kafin alƙali ya bayar, sai laifin ya kasance mai tsananin muni, irin wanda ya shafi rai ko mummunan rauni, kuma babu wata hanyar samun shaidar. Dalilin majalisa na zahiri ne: mai jaraba ba zai je jinya ba idan ya san rajistar asibiti za ta zama jerin sunayen waɗanda za a kama. Ta haka mai karɓar metadon a cibiyar jinya ya fi samun kariyar doka a kan tsohuwar da ke sayen mofin a kanti saboda ciwon ajali.

Dokar HIPAA da Ƙofofinta

Yawancin Amurkawa sun ɗauka cewa dokar HIPAA, wadda Shugaba Bill Clinton ya sa wa hannu a Agusta 1996, ta toshe wannan giɓi. Ƙa'idojinta na sirri sun fara aiki a Afrilu 2003, kuma sun hana asibiti ko kantin magani bayyana bayanan majinyaci ba da izininsa ba. Sai dai an bar ƙofofi da gangan. Ana iya miƙa bayanai ga jami'an tsaro da umarnin kotu ko takardar izinin bincike, ana kuma iya miƙawa da sammacin hukuma wanda babu alƙalin da ya gani, matuƙar an cika sharuɗɗa 3: bayanan suna da alaƙa da halastaccen bincike, buƙatar tana da iyaka, kuma bayanan da aka cire wa suna ba za su wadatar ba. A aikace, hukumar da ke neman bayanan ita ce ke bayyana cewa ta cika sharuɗɗan. Ƙari a kan haka, da zarar bayanai sun bar kanti sun shiga rumbun jiha, galibi dokar jihar ce ke iko da su.

Kotun Ƙoli ta nuna cewa lamarin yana da iyaka. A 2001, a shari'ar Ferguson, ta yanke da rinjayen alƙalai 6 a kan 3 cewa wani asibitin gwamnati a Charleston ya saɓa wa tsarin mulki da ya riƙa gwada fitsarin mata masu juna biyu don gano hodar iblis yana miƙa sakamakon ga 'yan sanda ba da yardarsu ba. Amma wannan hukunci ya shafi gwajin da aka shirya tun farko don tara shaidar laifi. Bai warware batun takardun da ke ajiye a rumbu ba.

Annoba da Yaɗuwar Rumbuna

A 1996 kamfanin Purdue Pharma ya shigo kasuwa da OxyContin, aka shiga zamanin rubuta magungunan kashe zafi dangin ofiyam ba ƙaƙƙautawa. Wasu asibitoci, musamman a Florida, suka zama kasuwar ƙwaya da rigar likita. Masu jaraba da dillalai suka riƙa zagaya likitoci suna karɓar takardu iri ɗaya. Daga 2002 tarayya ta fara ba jihohi kuɗi don kafa rumbunan sa ido na kwamfuta. Missouri ce ta zo ƙarshe, ta yi dokarta a 2021, shekarar da mutanen da shan ƙwaya fiye da ƙima ya kashe a ƙasar suka haura 100,000. Ba a musun amfanin rumbunan, domin likita kan duba kafin ya rubuta, ya ga ko wani likitan ya riga shi. Amma ɗaki mai shingen waya na Albany ya zama shafin intanet da ake shiga da lambar sirri.

Abin da ya faru a Utah a 2013 ya nuna haɗarin. An ga mofin ya ɓace daga motocin ɗaukar marasa lafiya na wata hukumar kashe gobara. Ɗan sandan da ke bincike ya shiga rumbun jihar ya duba tarihin maganin ma'aikatan hukumar kusan 480, ba tare da izinin alƙali ba. Binciken bai kai ga ɓarawon ta wannan hanya ba, amma an tuhumi ma'aikata 2 da laifin yaudarar likitoci, laifin da ba shi da alaƙa da satar. Daga baya aka janye tuhumar, bayan an riga an zubar musu da mutunci a gaban iyali da abokan aiki. Garin gyaran gira aka taɓa ido. A 2015 majalisar Utah ta wajabta wa 'yan sanda samun izinin alƙali kafin su shiga rumbun.

Oregon tun da ta kafa nata rumbun da dokar 2009 ta sa irin wannan sharaɗi. Da DEA ta aiko da sammacinta a 2012, jihar ta kai maganar kotu, ƙungiyar kare 'yancin jama'a ta ACLU ta shiga shari'ar a madadin wasu majinyata da likita guda. A Fabrairu 2014 Alƙali Ancer Haggerty ya yanke cewa majinyata suna da haƙƙin sa ran za a rufe musu asiri, don haka sammacin hukuma bai isa ba. A Yuni 2017 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin. Ta ce masu shigowa shari'ar ba su da hurumin neman abin da suka nema, kuma dokar tarayya tana gaba da ta jiha. A shekarar ce wata kotun tarayya ta ba DEA nasara a kan Utah, a 2022 kuma kotun ɗaukaka ƙara ta yi haka a kan New Hampshire, bisa hujjar cewa harkar magunguna sana'a ce da hukuma ta daɗe tana sa wa ido sosai, saboda haka mai karɓar irin waɗannan magunguna ya san ana rubutawa. Sakamakon shi ne, ɗan sandan gari a Oregon sai ya je gaban alƙali, jami'in tarayya kuwa sa hannun ofishinsa ya ishe shi.

Sabon Babi

A 2018, a shari'ar Carpenter, Kotun Ƙoli ta sassauta tsohuwar ƙa'idar 1976 da rinjayen 5 a kan 4. Ta ce bayanan wuraren da wayar salula ta bi suna tona rayuwar mutum ƙwarai, kuma ba da ganin damarsa yake bayar da su ba, don haka sai da izinin alƙali. Masu rajin sirri suna ganin hujjar ta fi dacewa da magani, domin sunan ƙwaya kaɗai kan faɗi ciwon mai shanta, ko taɓin hankali ne, ko cuta mai karya garkuwar jiki, ko rashin haihuwa.

Hukuncin Dobbs na Yuni 2022, wanda ya mayar wa jihohi ikon haramta zubar da ciki, ya ƙara wa batun zafi, tunda maganin da yake halas a wata jiha zai iya zama shaidar laifi a maƙwabciyarta. A Disamba 2023 Sanata Ron Wyden da 'yan majalisa Pramila Jayapal da Sara Jacobs suka bayyana sakamakon binciken da suka yi wa manyan kamfanonin sayar da magani 8. A lokacin binciken, babu ko ɗaya da ke shardanta izinin alƙali inda doka ba ta tilasta ba. A wancan lokacin uku daga ciki, CVS da Kroger da Rite Aid, suna barin ma'aikatan kanti su amsa buƙatar jami'ai ba tare da lauya ya duba ba. Amazon kaɗai aka samu da manufar sanar da mai bayanan. A 2024 ma'aikatar lafiya ta tarayya ta ƙara kariya ga bayanan lafiyar haihuwa, amma a Yuni 2025 wani alƙalin tarayya a Texas ya soke yawancin ƙa'idar.

Kammalawa

Hujjar jami'an tsaro tana da nauyi. Suna cewa sammaci shi ne matakin farko na bincike, da shi ake tara dalilin da za a kai gaban alƙali, kuma likitan da ya mayar da alƙalaminsa hajar sayarwa ba a gane shi sai an ga tarin takardunsa. Amma tarihin da muka bi ya nuna cewa ana iya bambance binciken likita ko kanti da buɗe tarihin majinyaci da sunansa. Na farko yakan yiwu ko an cire sunaye. Na biyu shi ne ya auka wa ma'aikatan Utah, kuma shi ya cancanci a sa alƙali a tsakani. Kotun 1977 ta amince da rumbun New York ne saboda ƙulle-ƙullen da ta gani da kuma ƙarancin masu riƙe da mabuɗi. An ci gaba da dogaro da hukuncin, alhali yanayin da aka gina shi a kai ya sauya.

Mu ma abin ya shafe mu. A 2018 gwamnatin Nijeriya ta haramta sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan rahoton BBC da ya nuna ɓarnar da yake yi wa matasa, har da na Kano, kuma hukumar NDLEA na ci gaba da fama da taramol. Duk ƙasar da ke cikin irin wannan hali za ta ga amfanin tara takardun magani a rumbu guda. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba ɗan ƙasa haƙƙin sirri, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta rufe bayanan majinyaci, Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kulawa ta musamman. Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Tambayoyin da suka wahalar da Amurka tun 1914 su ne wa zai buɗe rumbun, da izinin wa, don wane irin laifi, kuma ko za a sanar da mai bayanan. Amsa su a cikin doka kafin a ɗura suna na farko ya fi sauƙi a kan neman gyara bayan an tona asirin wani.